Kirsimeti da neman tarayya da Allah: asalin aƙidar da yadda ta samu gurbi a ƙasar Sakkwato

A ƙasar Sakkwato, Kirsimeti kan faɗo ne a tsakiyar hunturu. A garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Lafani, inda kusan kowa Musulmi ne, alamar da aka fi gane ta da ita ita ce ta kasuwa: tireloli na lodin shanu da awaki zuwa kudancin Najeriya, baƙin 'yan kasuwa da ma'aikata kuma na haɗa kaya domin tafiya gida. Kiristocin da kan rage tsiraru ne. Akwai jami'an kwastan da na shige da fice da na tsaro waɗanda aiki ya riƙe, akwai masu yi wa ƙasa hidima, akwai kuma Hausawa Kiristoci da ba su da wani gida sai nan.

Ga mafi yawan matasan da ke bin labarai, Kirsimeti hutun kwana biyu ne da saƙon shugabanni, sai kuma cece-kucen da kan biyo bayan jawabin Bishop Matthew Hassan Kukah. Amma a wurin mai bin addinin Kirista, bikin yana ɗauke da da'awa guda mai nauyi: cewa Allah da kansa ya zo cikin 'yan Adam domin ɗan Adam ya samu tarayya da shi. Wanda bai fahimci wannan da'awa ba zai yi wuya ya gane dalilin da ya sa huɗubar Kirsimeti a Sakkwato take yawan ƙarewa a shafin farko na jaridu.

Kalma ɗaya, kunnuwa uku

Kalmar "tarayya" ita ce mabuɗin batun, ita ce kuma tushen yawan rashin fahimta. Ɗan siyasa idan ya ji ta, gwamnatin Abuja yake tunawa. Musulmi idan ya ji an ambace ta kusa da sunan Allah, gabansa kan faɗi, domin ya taso yana jin cewa Allah ba shi da abokin tarayya, kuma yi masa tarayya shi ne shirka, zunubin da ya fi kowane girma. Kirista Bahaushe kuwa yana nufin wani abu dabam: kusanci da zumunci da Allah, wanda bawa ke samu kyauta ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, har rayuwarsa ta zama tana samun ƙarfi daga rayuwar Allah.

Malaman Kirista suna jaddada cewa mutum ba ya rikiɗa ya zama Allah, kuma ba ya samun wani kaso a mulkinsa. Misalin da malaman farko suka fi so shi ne na ƙarfen da maƙeri ya tura cikin wuta. Ƙarfen kan yi ja, ya ɗauki zafi da haske, amma ƙarfe ne har gobe, wutar kuma wuta ce. Bisharar Yahaya ta kawo misalin itacen inabi da rassansa, wasiƙar Bitrus ta biyu ta yi maganar masu bi da ke samun rabo a cikin halin Allahntaka, manzo Bulus kuma ya yi ta maimaita batun zama "cikin Almasihu".

Me ya haɗa wannan da haihuwar jariri?

A koyarwar Kirista, tazarar da ke tsakanin Allah da mutum ta fi ƙarfin mutum ya tsallake ta da ibadarsa, saboda zunubi ya raunana shi. Don haka tafiyar ta fara ne daga sama. Kalmar Allah ta har abada ta ɗauki jikin ɗan Adam a cikin Maryamu, aka haife shi a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi kamar yadda Bisharar Luka ta ruwaito. Bisharar Matiyu ta kira shi Immanuwel, sunan Ibrananci mai ma'anar Allah yana tare da mutanensa. Wannan ita ce aƙidar zama mutum, kuma ita ake tunawa a Kirsimeti.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa a nahiyar Afirka aka fi sassaƙa wannan aƙida. Atanasiyus, bishop na Iskandariyya ta Masar wanda ya rasu a shekarar 373, shi ne ya yi fice wajen bayyana ta. Hujjarsa ita ce idan wanda aka haifa a Baitalami halitta ne kawai, komai girmansa, to ba zai iya sada mutum da Allah ba, domin halitta ba ta iya ba da abin da ba ta mallaka ba. Abokin hamayyarsa, wani limami mai suna Ariyus, shi ma a Iskandariyya yake, kuma ya koyar da cewa Almasihu halitta ne mafi ɗaukaka. Rigimar ta yi tsanani har sarki Kustantin ya kira taron bishop-bishop a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a shekarar 325. Taron ya yanke cewa Ɗa da Uba zati ɗaya ne. Wannan matsayi ya jawo wa Atanasiyus kora daga kujerarsa har sau biyar, wanda ke nuna cewa tun fil azal aƙidar ba ta rabu da rikicin masu mulki ba.

Bayan shekara 126, taron Kalsidon na 451 ya ƙara da cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba tare da ɗabi'un biyu sun cakuɗe ko sun rabu ba. Cocin Kibɗawan Masar da na Habasha ba su karɓi lafazin wannan taro ba, kuma rabuwar tana nan har yau. A arewacin Afirka kuma, Agustin na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yanzu, ya bar huɗubobin Kirsimeti da dama da ke jan hankali ga ƙasƙantar da kai da Allah ya yi. A ganinsa girman kai ne ciwon ɗan Adam, maganinsa kuma ya zo a siffar jariri marar ƙarfi.

Game da ranar kanta, Littafi Mai Tsarki bai ambaci 25 ga Disamba ba. Rubutacciyar shaida mafi daɗewa ta nuna ana bikin a wannan rana a birnin Rum a shekarar 336. Kibɗawa da Habashawa suna yin nasu ranar 7 ga Janairu saboda bambancin kalanda, Armeniyawa kuma ranar 6.

Hanyoyi sun bambanta

Ɗariƙun Kirista sun yarda da manufar, amma kowacce da ƙofar da ta fi nunawa. Katolika da cocin Gabas sun ɗora nauyi a kan ibadun da suke ɗauka a matsayin hanyoyin alheri, musamman baftisma da Jibin Ubangiji. A wurinsu gurasa da ruwan inabin da aka tsarkake jikin Almasihu ne da jininsa a haƙiƙa, saboda haka mai karɓa yana haɗuwa da wanda aka haifa a Baitalami. Shi ya sa a wurin Katolika makonni huɗu kafin Kirsimeti suke zama lokacin shiri da furta zunubi a gaban limami, kuma sujadar daren 24 ga Disamba take da daraja ta musamman.

Ikkilisiyoyin bishara, irin su ECWA da Baptis, sun fi jaddada tuba da sabuwar haihuwa. A wurinsu tarayyar tana farawa ne ranar da mutum ya ba da gaskiya da zuciyarsa, sai ta yi ta girma ta hanyar karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a da zumunta. Wannan fahimta ta gangaro ne daga Martin Luther da John Calvin na ƙarni na 16. Masu bin tafarkin Fentikos kuma sun fi karkata ga aikin Ruhu Mai Tsarki da abin da mai bi ke ji a jikinsa lokacin sujada.

A ikkilisiyoyin da ke ibada da Hausa, ƙungiyar Zumuntar Mata ce kan riƙe bikin, da waƙoƙi da kiɗan tulu da anko. Yara kan yi wasan kwaikwayon makiyaya da mala'iku. Daga coci sai rabon shinkafa da nama ga maƙwabta, har da Musulmi, kamar yadda su ma kan aiko da naman layya. A cikin shekarun da tsaro ya taɓarɓare, tun bayan harin bam na cocin Madalla a jihar Neja ranar Kirsimetin 2011, coci-coci da yawa a arewa sun dawo da sujadar tsakar dare zuwa yamma, kuma ganin jami'an tsaro a bakin ƙofa ya zama wani ɓangare na bikin.

Yadda aƙidar ta koyi Hausa

Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta fara ne a tsakiyar ƙarni na 19 a hannun James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, wanda ya samu taimakon Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. Cikakken littafin bai fito ba sai 1932, bayan shekaru na aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya taka rawa babba a ciki. An sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970.

Masu fassarar sun iske harshen da Musulunci ya riga ya shimfiɗa masa kalmomin addini, kuma suka ɗauke su: Allah, Ubangiji, mala'ika, annabi, zunubi, tuba, addu'a, Almasihu. Wasu kalmomin sun sauya ma'ana a sabon gidansu. "Sujada" a masallaci ɗora goshi ne a ƙasa, a coci kuwa ita ce dukan ibadar ranar Lahadi. "Alheri" a bakin kowa kyautatawa ce, a coci kuma ta zama sunan rahamar da Allah ke bayarwa ba don cancantar bawa ba. "Jibi", tsohuwar kalmar abinci, ta samu mafaka a Jibin Ubangiji bayan ta kusa ɓacewa daga bakin 'yan birni. Lamin Sanneh, masanin tarihi ɗan Gambiya da ya koyar a Jami'ar Yale, ya yi bayani a littafinsa na 1989 cewa karɓar harsunan gida da sunayen Allah na gida yana cikin jinin addinin Kirista. Ga masu wannan ra'ayi, Allah da ya yarda ya yi magana da harshen ƙauyen Galili ba zai ƙi Hausa ba.

Isowar addinin ƙasar Sakkwato ta yi jinkiri. Bayan cin birnin a watan Maris na 1903, Frederick Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnatin Turawa ba za ta taɓa addinin jama'a ba, kuma shekaru da yawa an taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi. Ƙofar ta buɗe ne ta hanyar jinya. A ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta, ciki har da Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A tsallaken iyaka kuma, gabas da Birnin Ƙonni, SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, wanda har yanzu marasa lafiya daga ɓangarorin biyu na iyakar ke zuwa. Ke nan da yawa daga cikin Hausawan farko da suka ji labarin Allah mai ɗaukar jiki sun ji shi ne a wurin da ake wanke gyambo, daga bakin mutanen da suka yarda su taɓa jikin da kowa ke gudu. ECWA, wadda ta gaji aikin SIM a Najeriya, ta tsaya da ƙafarta a 1954.

Katolika sun kafa yankin aikinsu na Sakkwato a 1953 ƙarƙashin limaman ƙungiyar Dominikan daga Amurka, aka ɗaga shi zuwa cikakkiyar dayosis a 1964. Kukah, haifaffen Anchuna a ƙasar Zangon Kataf a 1952, shi ne bishop na huɗu, kuma ya hau kujerar a 2011. Har zuwa Oktoban 2023, lokacin da aka yanke dayosis ta Katsina, ikonsa ya haɗa da jihar Katsina baya ga Sakkwato da Zamfara da wani yanki na Kebbi.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Musulmin Sakkwato ba baƙo ba ne ga labarin haihuwar. Suratu Maryam ta kawo shi, Musulunci ya tabbatar da cewa an haifi Annabi Isa ba tare da uba ba, ya kira shi Almasihu, ya kuma siffanta shi da kalma daga Allah. Neman kusanci da Allah ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya, ya kafa daula. Sufaye suna maganar ma'arifa da wusuli da fana'i, kuma su ma sun sha fuskantar zargin cewa suna goge iyakar da ke tsakanin Mahalicci da halitta.

Rabuwar tana wuri guda, kuma babba ce. Musulunci ya kore cewa Allah ya haifa ko an haife shi, ya kuma ɗauki Isa bawa ne kuma manzo. Kirista ya ce ba haihuwa ta jiki yake nufi da kalmar "Ɗa" ba, kuma shi ma Allah ɗaya yake bauta wa. Musulmi ya ce bayanin bai warware matsalar ba. A wurin sufi, bawa ne ke tafiya zuwa ga Ubangijinsa ta hanyar zikiri da tarbiyya, da taimakon Allah. A wurin Kirista, Ubangiji ne ya fara tahowa. Masu shirya tarukan zaman lafiya sukan so su shafe wannan bambanci da cewa duk abu ɗaya ne, amma hakan ba ya gamsar da malamin kirki na kowane ɓangare, kuma zaman tare da aka gina a kan ɓoye bambanci ba ya jure gwaji.

Daga nan ne muhawarar kowace shekara ke tasowa a Facebook da X game da halaccin ce wa maƙwabci "barka da Kirsimeti". Wasu malamai sun hana, bisa hujjar cewa taya murnar amincewa ce da aƙidar. Wasu sun halatta a matsayin kyautata maƙwabtaka. A aikace, Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na Uku yana shugabantar majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta ƙasa tare da shugaban ƙungiyar CAN, a Kaduna kuma an san Fasto Yohanna Buru da karɓar Musulmi a cocinsa ranar Kirsimeti shekara da shekaru.

Daga komin dabbobi zuwa fadar shugaban ƙasa

Aƙidar zama mutum tana da sakamako na siyasa da ba a iya kauce masa. Idan Allah ya ɗauki jiki, ya ji yunwa, ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri saboda sarki Hirudus, to jikin ɗan Adam ya samu darajar da hukuma ba ta da ikon wulaƙantawa. Babban taron Vatican na Biyu, a takardar da ya fitar a 1965 kan matsayin coci a duniyar zamani, ya koyar da cewa ta wurin zama mutum Almasihu ya haɗa kansa ta wata fuska da kowane ɗan Adam, ba Kirista kaɗai ba. Daga wannan rijiya ce saƙonnin Kukah ke ɗiban ruwa.

Saƙonsa na Kirsimetin 2020 shi ne ya fi tayar da ƙura. Shekarar ta fara ne da sace Michael Nnadi, ɗalibin limanci ɗan shekara 18 na dayosis ta Sakkwato, daga makarantarsu a Kaduna, aka kuma kashe shi. A watan Oktoba aka yi zanga-zangar EndSARS. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Ranar 16 ga wata kuma gwamnati ta buɗe iyakar Illela tare da wasu uku, bayan rufewar da ta fara tun Agustan 2019 ta durƙusar da kasuwancin yankin. A cikin wannan yanayi bishop ɗin ya zargi Shugaba Muhammadu Buhari da fifita 'yan yankinsa wajen naɗe-naɗe, ya kuma ce da wani shugaba wanda ba Musulmin arewa ba ne ya yi ko kaɗan daga cikin haka, da sojoji sun yi juyin mulki.

Jama'atu Nasril Islam ta yi tir da saƙon. A watan Janairun 2021 wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta nemi ya ba da haƙuri ko ya bar jihar. Fadar shugaban ƙasa, ta bakin Garba Shehu, ta soki kalaman bishop ɗin amma ta ce wa'adin korar ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Masu sukarsa sun ce ya mayar da bagaden coci dandalin siyasa, kuma ya yi wa Musulmin arewa kuɗin goro alhali su ne suka fi mutuwa a hannun 'yan bindiga. Wannan suka tana da ƙarfi a gabashin Sakkwato, inda ƙauyukan da ake kai wa hari kusan duk na Musulmi ne. Magoya bayansa kuma sun ce malamin da ke wa'azin Allah mai zama tare da talaka ba shi da damar yin shiru.

Kirsimeti biyu a jere sun ƙara ɗaure batun. Ranar 25 ga Disamban 2024, harin jirgin sojin Najeriya da aka ce an auna 'yan Lakurawa da shi ya hallaka fararen hula aƙalla 10 a Gidan Sama da Rumtuwa cikin ƙaramar hukumar Silame. Ranar 25 ga Disamban 2025 kuma Amurka ta harba makamai kan wasu wurare a jihar Sakkwato, Shugaba Donald Trump ya danganta harin da kare Kiristoci, gwamnatin Najeriya kuma ta ce da haɗin gwiwarta aka yi kuma ba shi da alaƙa da wani addini. Ɓaraguzai sun faɗa a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal. Zaɓen wannan rana abu ne mai wuyar daidaitawa da aƙidar da ke cewa Allah ya zo ne a siffar jariri marar makami, kuma tsirarun Kiristocin garuruwa irin su Illela su ne za su ci gaba da zama da maƙwabtan da aka gaya wa cewa dominsu aka yi harbin.

Watanni biyu kafin harin, a wani taro a birnin Rum, Kukah ya nemi kada Amurka ta mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini, yana mai cewa hakan zai lalata ƙoƙarin tattaunawa da ake yi a cikin gida. Trump ya mayar da ita cikin jerin a ƙarshen Oktoba. A wannan karon, mafi zafin sukar da bishop ɗin ya sha ta fito ne daga 'yan'uwansa Kiristoci.